Kwalba ta Huɗu

Roccamora, 24 ga Satumba, 1969

Zuwa ga Zelinda, 'yar Assunta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Primo da yaran da ban taɓa gani ba sai a hoto. Yaya ƙirjin nasa? Ni ina nan yadda kika bar ni, sai abin da tsufa ya ƙara. Gwiwar hagu ta ƙi ni, haƙoran ƙasa sun tafi, likita kuma ya hana ni gishiri, kamar akwai wani abin da ya rage a miyata in ban da shi. Ranar Lahadi na je kabarin mahaifiyarki na cire ciyawa. Ba don ki gode na faɗa ba. 'Yar baffana ce, kuma in ban yi ba babu wanda ya rage a garin nan da zai yi.

Bayan haka, yaron gidan Fabbri ya tafi. Ubansa ya samu aiki a kamfanin mota a Torino, sun kwashe komai har kejin tsuntsu. Shi ne na ƙarshe cikin yaran da ke mana waƙa a coci. Muryarsa kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba take, amma dai murya ce ta sama, tana cike gurbi. Yanzu saura mu uku a benen mawaƙa: ni, da Gaspare mai aski da ke riƙe ƙasa, da Tullio mai gyaran takalmi da ke matse maƙogwaro ya hau tsakiya. In aka haɗa shekarunmu sun kusa kai na cocin.

Kin san abin da ke tafe ranar sha tara ga Nuwamba. Kin san wasiyyar, amma bari in maimaita, don an ce hayaƙin Beljiyam yana cin tunani. Shekara ɗari uku da suka wuce Gimbiya Ottavia ta Gidan Tudu ta bar gonar zaitun ta bayan rafi don ciyar da mawaƙan cocin nan, bisa sharaɗi ɗaya. Kowace shekara, ranar da ta rasu, a rera mata sujadar da ɗan zuhudun nan Ilario ya tsara, da muryoyi huɗu, ba ogan ba wani kayan kiɗa. In an gama mawaƙa su sauko, magajin gidan ya miƙa wa kowanne kwalbar sabon mai, hannu da hannu. Miƙa man nan shi ne sabunta alkawari. Shekarar da aka fasa, gona ta koma gida. An yi annoba ba a fasa ba. Sojan Faransa sun ɗaure dawakai a cikin cocin ba a fasa ba. Jamusawa sun zo sun tafi ba a fasa ba. Sai yanzu da babu yaƙi babu yunwa kamfanin mota zai kashe ta.

Uwargida Clelia, magajiyar Gidan Tudu, tana nan da ranta, ta haura tamanin, ita za ta miƙa mai kamar kullum. Amma ɗan ƙanenta, lauyan nan na Milano, ya zo bana yana zagaya gonar da wani mai awon ƙasa. Sabon Fadanmu kuwa, wato limamin cocin, Silvano, an haife shi na riga na fara furfura, kuma da jita a kafaɗa ya shigo garin. Tun da manyan Roma suka yi babban taronsu suka ce a bar Latin kowa ya yi waƙa da harshen kasuwa, ranar Lahadi 'yan mata ke tafi a gaban bagade kamar ana biki. Ba ya faɗa, amma na san jira yake mu mutu ya mayar da benen ɗakin ajiye kujeru.

Jiya na buɗe littafin na dubi wurin nan, kin san shi, inda mu uku muke yin shiru murya ta sama ta tafi ita kaɗai. Tun da kika bar garin nan ba a yi shi daidai ba. Yara shiga suke da gudu kamar an koro su. Ke kaɗai kike jira sai amonmu ya gama mutuwa a rufi kafin ki buɗe baki.

Ban ce ki zo ba. Na san kina da aiki da miji da 'ya'ya. Labari kawai nake ba ki. An ce jirgin ƙasan da ke tasowa daga wajenku ran Asabar yana isa Ancona washegari da hantsi, bas ɗin garinmu kuma bai fasa ba, tsufa kawai ya ƙara. Ɗakin marigayiya matata Rosa babu kowa a ciki.

Kawunki,
Ermete


Verviers, 9 ga Oktoba

Kawu,

Ina gaisuwa da ladabi, ina yi maka sannu da gwiwa. Wasiƙarka ta iso. Primo ne ya karɓa, ya ce wannan rubutun in ba na alƙali ba ne to na kawunki ne. Jikin nasa yau sauƙi gobe babu, ƙurar ramin kwal ta zauna masa a huhu, in zai hau bene sai ya huta a tsakiya. Yara lafiya. Babbar ta fara aiki tare da ni a masaƙar ulu, ƙaramin kuwa ba ya jin yarenmu sai in zagi ne. Na gode da kabarin Inna, ko da ka ce kada in gode.

Kawu, na karanta takardar nan na sake karantawa ina neman inda ka ce, Zelinda zo ki taimake ni. Na ga lokacin jirgi, na ga bas, na ga ɗaki, wannan ne ban gani ba. Har yanzu kana nan yadda kake, sai ka zagaya gari kaf ka shigo ta taga alhali ƙofa a buɗe.

To bari ni in shigo ta ƙofa. Ina 'yar shekara sha uku, lokacin yaƙi, da yara maza suka ƙare, ka hau da ni benen nan ta ƙofar baya tun mutane ba su iso ba, ka zaunar da ni bayan ragar katako, ka ce ko tari kada in yi. Daga nan har aurena, kowace shekara ni ce murya ta huɗu. In an gama ina jin takunku kuna sauka, ina leƙe ta raga ina kallon Uwargida tana miƙa kwalabe. In ta zo kan ta huɗu sai ka sa hannu ka karɓa ka ce, “Yaron ɗan kunya ne, ranki ya daɗe.” Ni kuwa ina sama cikin sanyi da kashin tattabaru, sai coci ya watse Gaspare ya zo ya buɗe mini. Man dai kana kawo wa Inna, ban ce ka ci hakkina ba. Amma ban taɓa jin nauyin kwalbar nan daga hannun mai ita ba.

Ga maganata. In na zo, zan sauko tare da ku ta matakalar gaba, da kallabina, in tsaya a layi in karɓa da hannuna. In ba haka ba, kada a wahala da gyaran ɗakin Inna Rosa. A nan mata ke waƙa gaban bagade, Fada na tsaye, kuma rufin coci bai rufto ba. Kai da kanka ka ce Roma ta sake magana.

Kuma Kawu, kana zancen muryata kamar abin da aka sa a akwati aka kulle. Shekara nawa ke nan ina shaƙar ulu. Ba yadda ka san ta take ba.

Ka rage faɗa da Fadan nan, yaro ne. Ka riƙa cin abinci mai zafi. Na sa maka safa a cikin ƙunshin, ta masaƙarmu ce, ka sa ta, kada ka ajiye wa ranar jana'iza.

'Yarka,
Zelinda


Roccamora, 20 ga Oktoba

Zelinda,

Gaisuwa, da sannu ga Primo, a ce masa ya riƙa shan zuma da ruwan ɗumi. Safa ta iso, ta yi mini yawa, amma ina sawa. Gwiwa tana nan.

Na ga sharaɗinki. Ashe a ƙasar kwal har waƙar Allah sai an yi ciniki. Zancen wai muryarki ba kamar da ba kuwa, na san shi. Duk mawaƙin kirki haka yake faɗa don a lallashe shi, ni kuma ba na lallashi.

Bari in gaya miki abin da kika kasa ganewa tun kina yarinya. Waƙar nan tamu ba ta taɓa cin gashin kanta ba. Tun farkonta a hannun wani take ci. Na yi karatu a makarantar waƙa a Roma, Gidan Tudu ne suka biya, har takalmin da na je da shi, kuma na karanta tarihin da idona. Manyan da ake cire wa hula yau in an ambace su, duk barorin wani ne. Wannan na Paparoma, wancan na wani babban limami mai jar hula, wancan na sarkin da ke son a ce cocinsa ya fi na maƙwabci. In ubangida ya mutu a sallame su tare da masu dafa abinci. Ilario namu buhun alkama aka ba shi da rigar sanyi a kan sujadar da ba ta da ta biyu a lardin nan. Ya so muryoyi takwas, Gimbiya ta ce huɗu, ya yi huɗu. Ta ce tana son wuri ɗaya da yaro zai yi shi kaɗai, saboda ɗanta da ya rasu yana ƙarami, ya yanka aikinsa ya buɗe wurin. Mai ba da mai shi ke faɗin yadda fitila za ta ci. Zamanin mahaifina Roma ta ce a fitar da mata da ganguna da waƙar gidan wasa daga coci, aka fitar. Yanzu ta ce a shigo da jita, an shigo. Gobe in ta ce mu yi fito, za mu yi. Amma Roma ba ta ba mu ko cokalin mai. Gidan Tudu ke bayarwa, kuma wasiyyarsu maza da yara maza ta ce.

In kika sauko matakalar nan da kallabi, ba bana kaɗai kika tona ba. Lauyan Milano zai ce ashe tun lokacin yaƙi ake yi wa gidansu rufa-rufa, wasiyya ta daɗe da karyewa. Uwargida kuwa, da ta amince da ni shekara da shekaru, da wane ido zan dube ta? So kike in zubar da shekara ɗari uku don ki ji nauyin kwalba. Ban yi miki laifi ba. Na tsayar da ke inda ba wata mace a garin nan da ta taɓa tsayawa.

Na karanta wa Gaspare takardarki yana yi mini aski, abin da bai kamata in yi ba mutum na riƙe da aska. Ya yi dariya har ya yanke ni a haɓa. Wai taurin kan gidanmu ne ya je Beljiyam ya hayayyafa. Na ce ya kama bakinsa. Ya ce, “Malam, bar ta ta sauko mana. In an kore mu ai dama ƙafa ɗaya na waje.” Na ce masa wanda ya tsufa yana shiga waƙa a makare ba shi da bakin magana a kan wasiyya. Bai nemi kuɗin aski ba, ni ma ban ba shi ba.

Fada Silvano ya tare ni a bakin coci, wai ya ji muna da matsala. Ya ce akwai wata yarinya cikin masu jitarsa da ke da murya, ko kuma a ɗan danna ogan a wurin da babu mutum. Na ce masa ban zo gyara masa Latin ba, ko da yake yana bukata, kada ya zo gyara mini waƙa. Ya yi ja har kunne, ya ce Allah ya ba ni haƙuri. Wannan addu'ar an daɗe ana yi mini ita.

Ki zo yadda kika saba zuwa, ta ƙofar baya. Ga shi na faɗa, tunda faɗa kike so. Ki zo.

Kawunki,
Ermete


Roccamora, 8 ga Nuwamba

Zelinda,

Gaisuwa. Ina fatan shirun lafiya ne, ba jikin Primo ba. Ni tari ya kama ni, ya sake ni.

Ba amsa. An ce ma'aikatan gidan waya suna yajin aiki a arewa, buhunan wasiƙu sun taru a tasha. Wata rana in yarda da wannan, wata rana in ce fushi ne. Na san fushin gidanmu. Mahaifiyarki ta yi shekara ba ta yi mini magana ba a kan kazar da ta ci mata latas, kuma kazar ma ba tawa ba ce.

An fara matsar zaitun. Ƙamshi ya cika gari, garin da ba kowa. A layinmu gidajen da ke hayaƙi ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Da yamma nakan sauka dandali daidai lokacin da bas ke isowa, don likita ya ce in riƙa motsa gwiwa. Direban ya fara girgiza mini kai tun kafin ya tsaya. Ban san abin da yake nufi ba, ni dai ban tambaye shi komai ba.

Muna gwaji mu uku a bene, riga kan riga. In mun zo wurinki sai mu yi shiru, Tullio yana auna lokaci da ƙafa, Gaspare yana kallon rufi. Jiya ya ce mu tsallake wurin kawai, wa zai sani. Na ce ni zan sani.

Na sa an share ɗakin Rosa an shanya bargo. Ba don komai ba, ƙura ce ta yi yawa. Zancen matakala kuwa, ki zo tukuna. Magana a baki ta fi ta takarda. Ban ce na yarda ba.

Ermete


Roccamora, 20 ga Nuwamba

Zelinda,

Gaisuwa gare ku duka. Lafiyata ƙalau, ga wanda ya damu ya sani.

Ba ki zo ba, an yi. Zan ba ki labarin yadda yake, don ni ba ni da wanda zan gaya wa.

Coci ya yi sanyi kamar rijiya. An shimfiɗa baƙin ƙyalle a tsakiya an kunna kyandirori, mutanen da suka zo tsofaffin mata ne, sai Uwargida Clelia da aka shigo da ita a kujera, lauya na bayanta yana duba agogo. Na leƙa ta ragarki na ga kwalabe huɗu a jere a kan tebur, kowacce da rigarta ta ciyawa. Na dubi ƙofar baya. Sannan na ɗaga hannu.

Ba zan ɓoye miki ba, tebur ne mai ƙafa uku. Duk inda ya kamata sama ta rufe, a buɗe yake iska na shiga. Amma mun ja ta har muka zo wurin. Gaspare ya dube ni, Tullio ya dube ni. Na sauke hannu muka yi shiru, na ci gaba da auna lokaci da yatsa kamar kina nan.

Kin san a wurin nan Fada tsayawa yake hannu a haɗe, sai mawaƙa sun gama kafin ya buɗe hannu ya ci gaba da addu'a. Tsayawar waƙa ita ce alamarsa. Na tabbata yaron nan da ya ji shiru zai zarce, ya taka wurinki ya wuce, kowa ya huta. Bai zarce ba. Ya tsaya kansa a sunkuye. Tsohon mai kula da coci ya yi masa gyaran murya, bai motsa ba. Wata tsohuwa ta yi tari, ana jin injin matsar zaitun daga ƙasan gari. Ya tsaya har yatsana ya kai ƙarshe, kuma bai buɗe hannu ba sai da muka shigo mu uku muka rufe. Daga baya Tullio ya ce wai tun farkon wata yake zuwa ya zauna bayan ginshiƙi in muna gwaji. Ni ban gan shi ba. Ban kuma gode masa ba, ban san yadda ake gode wa mai jita ba.

Muka sauko. Na riga na shirya maganata: ranki ya daɗe, bana uku ne, ku ɗauki gonarku. Ta miƙa wa Gaspare, ta miƙa wa Tullio, ta miƙa mini. Na fara magana sai ta kawo kunne. Na ƙara murya. Ta ce in yi haƙuri, ta daɗe ba ta jin ko ƙararrawa, amma ta ga Fada ya tsaya a wurin yaron, ta san an yi shi da kyau. Sannan ta ɗauki kwalba ta huɗu ta dubi matakala, ta ga ba mai saukowa. Sai fuskarta ta washe, ta ce da ƙarfi irin na kurame, har bango ya amsa:

“Ko 'yar Assunta ce ta dawo mana? Ita ce ba ta saukowa.”

Na tsaya kamar an dasa ni.

Ta ce, “Ni da marigayi maigidana mun sha jiran yarinyar nan. Ba a taɓa yin kamarta ba. Kowace shekara ka ce mana yaro ne, mu kuma mu ce to, don kada mu kunyata ka. Ka gaishe ta, ka ce ta daina kunya, mun tsufa.”

Tsofaffin matan nan suna ta toshe baki da kallabi. Lauyan bai san uku daga huɗu ba, bai ma gane abin da gwaggonsa ke nufi ba, ya dafa mini kafaɗa ya ce waƙa ta yi daɗi, ko kullum haka take da tsawo. Na sa hannu na karɓi kwalbar. Wannan karon ban ce yaron ɗan kunya ne ba. A waje na tambayi Gaspare wa ya gaya musu. Ya ce, “Haba Malam, wane yaro ne zai yi shekara goma muryarsa ba ta fashe ba? Har karnukan garin nan sun sani.”

To ga shi. Gona tana nan har baɗi. Shekara ɗari uku ta tsira da kurumtar tsohuwa, da jahilcin lauya, da ladabin mai jita. Ni kuwa da karatun Romana na ƙare rayuwa ina gadin ƙofar da ba ta da bango. Ya kamata in yi murna. Na dawo gida na ajiye kwalabe biyu a tebur, na zauna ina kallonsu har tuwon masarata ya huce.

Taki na ba ɗan Tullio, da zai koma aiki wajenku sati mai zuwa. Ban buɗe ba. An ambace ki da ƙarfi a cocin nan, gaban bagade. Na ga ya kamata ki sani, ko da ke ba ki ga ya kamata ki amsa mini ba.

Ermete


Verviers, 14 ga Disamba

Kawu,

Ina gaisuwa, ina fatan tarin bai dawo ba. Primo ya kwanta asibiti ya fito, yanzu da sauƙi. Amma ba shi ne ya hana ni rubutu ba, ba kuma yajin aiki ba ne. Takardunka duk sun iso a kan lokaci. A bayan agogo na riƙa ajiye su.

Kwalba ta iso ranar Lahadi. Da hannu biyu na karɓa. Ta fi yadda na zata nauyi.

Kawu, na gaya maka ba ka ji ba. Ba ni da murya. Ba lallashi nake nema ba, tafiya ta yi. Likitan masaƙa ya leƙa ya ce ƙura ce, da ihun da muke yi don mu ji juna a kan ƙarar injin. Magana ma in na yi da yawa sai ta koma raɗa. Ranar da takardarka ta farko ta zo na shiga ɗakin wanki na rufe ƙofa na gwada wurin nan. Abin da ya fito, sai da ƙaramin ya buga ƙofa yana tambaya ko famfo ne ya lalace.

Na kafa maka sharaɗin matakala ne don na san ba za ka taɓa yarda ba. Na ce gara ka ce Zelinda mai taurin kai ce da ka ce Zelinda ta ƙare. Kai kaɗai ka rage a duniya da ke jin muryar nan yadda take, ban so in ƙwace maka ba, ban so kuma in ƙwace wa kaina. Sai ga takardarka kana cewa in zo mu yi magana a baki. Na ga ka fara sassautowa, tsoro ya kama ni. Da ka ce ka yarda, ban san inda zan sa kaina ba. Amma kada ka ɗauka maganar matakala ƙarya ce. Gaskiya ce, kuma ta daɗe tana ci na.

Wai ashe sun sani. Na karanta wa Primo, ya yi dariya har sai da na kawo masa ruwa. Ni ban san ko dariya zan yi ba. Duk sanyin nan da na sha a sama, ashe a ƙasa jira na ake.

Mun gasa burodi mun zuba man mun ci. Yana kama maƙogwaro yadda sabo ke yi. Ƙaramin ya ce da ɗaci, ya nemi bota. Sauran na ɓoye inda ba wanda ya sani.

Ka je ka gode wa Fadan nan, ba zai cije ka ba. Ka kuma nemi yarinyar da ya ce tana da murya, tunda yanzu ka ga rufi ba ya ruftowa.

'Yarka,
Zelinda


Roccamora, 3 ga Janairu, 1970

Zelinda, 'yata,

Barka da sabuwar shekara, ke da Primo da yara. Ƙanƙara ta sauko har dandali. Safarki ce ke riƙe da ni.

Na karanta. Ba zan ce komai a kan masaƙar nan ba, don abin da zan ce bai kamaci takarda ba.

Uwargida Clelia tana kwance tun Kirsimeti. Ba na tsammanin ita za ta miƙa mai bana, lauya kuma ba kurma ba ne, ko da yake kunnensa na ado ne. Wataƙila wannan ce ta ƙarshe. In ita ce, a yi ta da huɗu.

Na je wajen Fada. Ban gode masa ba, na dai gyara masa Latin, ya gane. Yarinyar nan da ya ambata ta hau bene ranar Talata. Tana taunar cingam, tana da murya, tana kuma shiga da gudu kamar an koro ta. Na ce ta jira. Ta ce, “In jira me, Malam?”  Duk karatun Roma ban san sunan abin da kike jira ba.

Yanzu ba murya nake nema ba. Ki zo a Nuwamba ki tsaya kusa da ita ki riƙe mata hannu, in lokaci ya yi ki sake. Wannan ba ya bukatar maƙogwaro. In an gama kuwa, gwiwar nan ta daina saukar da ni matakala ni kaɗai. Gaspare ya tsufa, Tullio ba shi da ƙarfi. Dole wani ya riƙe ni mu sauko ta gaba, a kan idon mutane. Ba yarda na yi ba, gwiwa ce.

Bargon yana nan a shanye. In ba za ki zo ba, ki rubuto ki ce ba za ki zo ba, ko direban nan ya daina girgiza mini kai.

Kawunki,
Ermete